Motocin alfarma na Faransa na da: Citroën DS da ƴan uwanta

A ƙasar Faransa, doka tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta cika shekara 30, an daina ƙera irinta, kuma ba a sauya mata manyan sassanta ba. Mai irin wannan mota yana iya neman carte grise ta musamman bayan ya samo takardar shaida daga kamfanin da ya ƙera ta, ko daga FFVE, wato tarayyar ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci. Da wannan takarda, sau ɗaya a shekara biyar ake kai motar binciken lafiya maimakon shekara biyu, wadda kuma aka yi kafin 1960 an ɗauke mata binciken baki ɗaya.

A cikin wannan babban garke akwai wani ɗan rukuni da ya fi sauran daraja: motocin alfarma da Faransa ta ƙera ma sarakuna, shugabanni da attajirai. A nan Nijar, in an ce motar Faransa, Fijo ce ke faɗo ma mutum a rai, 404 da 504 na tashoshin Maraɗi da Damagaram, masu ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu ba su yi ƙorafi ba. Waɗannan na alfarma wani jinsi ne dabam, kuma sun kasu zamani biyu: na kafin Yaƙin Duniya na Biyu da na bayansa.

Zamanin maƙeran jiki

A shekarun 1920 da 1930, attajiri ba ya shiga kanti ya fito da mota a haɗe. Shasi da inji yake saye daga Bugatti, Delage, Delahaye, Talbot-Lago ko Hispano-Suiza, sa'an nan ya kai wurin maƙerin jiki, kamar yadda ake sayen shadda a kai ma tela. Figoni et Falaschi, Saoutchik, Franay da Henri Chapron su ne manyan telolin ƙarfe na birnin Paris. Da guduma suke buga kwano bisa firam na katako, shi ya sa da wuya a sami motoci biyu da suka yi kama ƙwarai. Yawancinsu sitiyarinsu a dama yake, ko da yake a hannun dama ake tuƙi a Faransa. Al'adar manyan motoci ce ta lokacin, kuma ta daɗe har cikin shekarun 1950.

Wadda ta fi kowa girma ita ce Bugatti Royale, mai inji lita 12.7. Ettore Bugatti ya yi ta don sarakuna, amma ta fito daidai lokacin karayar tattalin arzikin duniya ta 1929, guda shida kawai aka kammala, babu kuma sarkin da ya saya. Injinan da suka rage jiragen ƙasa aka sa ma. Biyu daga cikin shidan suna gidan tarihin motoci na Mulhouse, inda tarin motocin ƴan uwa Schlumpf yake, masu masaƙa da suka ɓoye ɗaruruwan motoci har ma'aikatansu suka bankaɗo su a 1977.

Bayan yaƙi ne abin ya watse. Gwamnati ta fito da tsarin da ake kira Plan Pons, ta raba ɗan ƙarfen da ke akwai ga masu ƙera ƙananan motoci da manyan motocin kaya, ta ce masu alfarma su nemi kasuwa a waje. Lampo kuma ya bi girman inji, yadda duk wanda ya sayi babbar mota kamar ya kira ma'aikatan haraji gidansa ne. Delage ta tsaya a 1953, Delahaye a 1954, Talbot-Lago ta faɗa hannun Simca a ƙarshen shekarun 1950. Vignette da aka ƙirƙiro a 1956, mai ƙarin kuɗi kan motocin da suka wuce doki 16 na lissafin haraji, ta rufe ƙofa ga duk wanda ke tunanin farfaɗowa.

Mutum ɗaya ya gwada: Jean Daninos, wanda ya kafa Facel Vega a 1954. Dabararsa ita ce jiki na Faransa, inji kuwa V8 na Chrysler daga Amurka. Gaban direba kamar katakon goro yake, alhali ƙarfe ne aka yi ma fenti da hannu. Taurarin fim da sarakuna sun saya, kuma a cikin Facel Vega ne marubuci Albert Camus ya rasu a haɗarin 4 ga Janairu 1960, mai motar Michel Gallimard yana tuƙi. Kamfanin ya kashe kansa da ƙaramar mota mai suna Facellia, wadda injinta na gida ya riƙa lalacewa tun tana sabuwa. Kuɗin gyara ma masu saye ya cinye shi, ya rufe a 1964 bai kai mota 3,000 ba.

Citroën DS

Tun da haraji ya hana babban inji, Faransa ta nemi alfarma ta wata hanya: jin daɗin zama da santsin tafiya. Citroën ce ta kai wannan tunani ƙarshe. Sunan kamfanin ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin a ƙarshen 1924 ayarinsa na motoci takwas masu sarƙa a baya, wanda aka sani da Croisière Noire, ya ratso Sahara ya bi ta Yamai, Tasawa da Damagaram kan hanyarsa ta zuwa tafkin Chadi.

An nuna DS 19 a baje kolin motoci na Paris a watan Oktoba 1955. A ranar farko kaɗai mutum 12,000 suka ba da sunansu. In aka furta haruffan biyu da Faransanci sai su ba da déesse, wato allahiya, kuma da gangan aka yi. Mutum uku ne ƙashin bayanta: Flaminio Bertoni, ɗan Italiya mai sassaƙa, shi ya fitar da siffar, André Lefèbvre, wanda ya fito daga aikin jiragen sama, shi ya tsara ginin, Paul Magès kuma shi ne mai tsarin ruwa da iska da ya bambanta ta da kowace mota. An ƙera ta shekara 20, har zuwa Afrilu 1975, kusan miliyan ɗaya da dubu 450 idan aka haɗa da ƙanwarta ID mai sauƙin kuɗi.

Ga yadda tsarin yake. DS ba ta da sifirin na ƙarfe. Kowace taya tana da ƙwallon ƙarfe, girmansa kamar ƙaramin ƙoƙo, wanda wata roba ta raba gida biyu: sama iskar nitrojin da Faransawa ke ce ma azote, ƙasa ruwan mai. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In taya ta faɗa rami ko ta hau tudu, ruwan ya tura robar, iskar ta shanye bugun. Wani famfo da inji ke juyawa shi ke matsa ruwan da ƙarfin da ya ninka iskar taya fiye da sau 50, a gaba da baya kuma akwai bawul mai auna tsayin motar daga ƙasa. Ka loda mata buhunan hatsi ta durƙusa, cikin ƴan daƙiƙoƙi za ta miƙe ta koma daidai tsayinta na da. Wannan ruwa guda shi ke aiki a birki, sitiyari, kuloci da giya. Rolls-Royce ma sai da ta sayi izinin amfani da wannan fasaha don motarta Silver Shadow ta 1965.

Sauran abubuwan ma ba irin na kowa ba ne. Birkin gaba na faifai ne a lokacin da kusan kowa ke amfani da na ganga. Rufin na fiba ne, murfin inji na alminiyam, tayar safiya tana gaba cikin ɗakin inji. Tayoyin gaba ne ke jan motar, kuma tazararsu ta fi ta na baya faɗi. Daga 1967, bayan gyaran fuska da Robert Opron ya yi, fitilu biyu na ciki suna juyawa tare da sitiyari, su haska kwana kafin motar ta shige ta.

Rauninta inji ne. An so a sa mata sabo mai silinda shida, kuɗi bai kai ba, sai aka ɗauko na tsohuwar Traction Avant, silinda huɗu, cc 1,911, doki 75. Mota mai kama da ta shekara 20 gaba, da muryar ta shekara 20 baya. An riƙa ƙara masa girma: DS 21 a 1965, DS 23 a 1972, aka kuma kawo injekta mai aiki da lantarki a 1969. Samfurin Pallas, mai kafet mai kauri da kujerun da ake iya samu da fata, shi ne na ministoci da manyan ƴan kasuwa.

Tuƙi

Wanda ya saba da Toyota zai ji kamar ya koma koyon mota. DS da ta kwana takan kwanta har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Sai an tayar da inji an jira: baya ya tashi, gaba ya biyo, kamar raƙumi, jar fitilar gargaɗi ta mutu, sa'an nan a motsa. A samfurin mai giyar ruwa babu fedar kuloci. Wani ɗan sanda ne a bayan sitiyari. Direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ya tura sandan da yatsa, motar ta yi sauran aikin. Da sandan nan ma ake tayar da inji. Sitiyarin kansa ƙafa ɗaya gare shi.

Birki shi ke kunyata baƙo. Maimakon feda, wani dunƙulen roba ne a ƙasa da Faransawa ke kira champignon, kuma kusan ba ya nutsewa. Nauyin ƙafa yake ji. Wanda ya taka shi yadda ya saba zai tara fasinjojinsa a gilashin gaba. Bayan kwana biyu ƙafa takan koya, daga nan birkin sauran motoci sai ya zama kamar taka laka.

A buɗaɗɗiyar hanya ne ake gane abin da aka saya. Ramuka da gargada suna wucewa ƙarƙashi ba tare da sun iso ga kujera ba, motar tana tafiya miƙe ko iska na bugu. Kusa da ƙafar direba akwai hannun da ke ɗaga ta sama in an zo hanyar burji ko kwazazzabo. Da shi ake canza taya ba jak: a ɗaga motar ƙarshe, a sa mata madogari a gefe, a sauke ta, tayoyin wannan gefe su rataye. A cikin gari kuwa tana da tsawo, kwanarta da faɗi, inji yana turo zafi cikin ɗaki, tana ta huci da ƙyas-ƙyas na famfo. Wannan ƙara ma likita ce: in ta yi ta maimaituwa kowane ɗan lokaci, ƙwallon ajiyar matsi ya gaji.

Abin da ya ɗaukaka sunanta ya faru ranar 22 ga Agusta 1962 a Petit-Clamart, kusa da Paris. Ƴan ƙungiyar OAS, masu adawa da ƴancin Aljeriya, sun yi ma Janar de Gaulle kwanton ɓauna suka buɗe ma DS ɗinsa wuta. Harsasai sun fasa tayoyi, amma direbansa Francis Marroux ya riƙe motar ya taka totur har filin jirgin Villacoublay, Janar da matarsa ba ko ƙwarzane. A fagen tsere ma ta ci Monte Carlo a 1959 da 1966, ta ci tseren Maroko a 1969 da 1970, inda duwatsu da ƙura suka karya motocin da suka fi ta ƙarfi.

SM da CX

A 1968 Citroën ta sayi Maserati ta Italiya, ta sami injin da DS ta rasa. SM ta fito a 1970, ƙofa biyu, fitilu shida bayan gilashi, inji V6 da aka tsayar a lita 2.7 don kada ya haura iyakar haraji, tana kai wa kilomita 220 a awa. Chapron ya yi guda biyu masu buɗaɗɗen sama don fadar Élysée a 1972, lokacin ziyarar Sarauniyar Ingila. Tsadar man fetur ta 1973 ta kashe kasuwarta, Citroën ta faɗi, Peugeot ta karɓe ta, aka tsayar da SM a 1975 bayan mota 12,920. CX ce ta gaji DS daga 1974. A cikin doguwarta mai suna Prestige Jacques Chirac ya ratsa Paris daren da ya ci zaɓe a 1995. Citroën ta daina sa tsarin ruwa da iska a motocin da take sayarwa a Turai a 2017.

Riƙo

Abu na farko da mai DS ke koya shi ne launin ruwanta. Motocin farko suna shan jan ruwa, LHS a ƙarshensa, wanda ke jan laima ya ci bututu daga ciki. Daga ƙarshen 1966 aka koma kore, LHM, aka kuma yi ma tanki da ƙwallayen koren fenti don kada a rikice. Kowane ruwa da irin robarsa. In aka zuba ja a motar kore, ko aka zuba man birki na kasuwa, robobin tsarin duka za su kumbura su narke, kuma sai an kwance komai. Kuskure ɗaya na yaron gareji ya isa.

Na biyu tsatsa. Ƙofofi da fukafukan DS da ƙusoshi aka ɗaure su a kan wani ƙwarangwal, don haka mota na iya sheƙi a waje alhali ƙasanta ya ruɓe. Wuraren dubawa su ne dogayen ƙarfen gefe, ƙasan but, inda hannuwan tayoyin baya suka kama, da bakin rufi inda ruwa ke kwanciya. Gyaran inji da sauƙi. Gyaran ƙwarangwal shi ke cinye dukiya.

Ƙwallayen suna rasa iska da shekaru, motar ta soma tsalle kamar amalanke. Ana sake cika su ko a sauya, kuma ba su da tsada. Zama wuri ɗaya ya fi tafiya lahani, domin robobi suna bushewa, bawul yana maƙalewa. Akwai kuma ƙa'idar da ba a wasa da ita: ba a shiga ƙarƙashin DS sai an sa mata madogari, don in matsi ya zube, motar takan sauko kan mutum nan take. Kayan gyara ba su yi wuya a Turai ba, akwai masu sana'ar a Faransa, Holan da Jamus da ke sake ƙera kusan komai. Na SM sun fi tsada, injinta kuma yana son a kula da sarƙoƙin cikinsa. Na Delahaye ko Facel Vega sau da yawa sai an ƙera da hannu.

Ga mai sha'awa a Tawa ko Maraɗi, yanayinmu yana da fuska biyu. Bushewar iska tana kare ƙarfe daga tsatsa, amma zafin bazara yana cin roba da fata, ƙurar hunturu kuma ba ta jituwa da tsarin da ke son ruwa mai tsabta. Ga LHM da sai an yi oda, ga makaniki da ya san aikin da sai an tona. A ganina, wanda ke son tsohuwar motar Faransa mai kyan gani da zai iya hawa a nan, 504 Coupé ko Cabriolet ta fi masa, waɗanda Pininfarina na Italiya ya yi ma jiki daga 1969. Mai silinda huɗu danginta ɗaya da 504 da aka haɗa a Kaduna shekara da shekaru, da waɗanda Turawa suka riƙa ratso hamada da su ta Tamanrasset da Arlit suna sayarwa a shekarun 1970 da 1980, don haka makanikanmu sun san cikinta. Sai dai gilashi, fitilu da kwanon jikinta ba ɗaya suke da na 504 ta tasha ba.

Farashi

Tsufa kaɗai ba ya sa mota tsada. Abin da kasuwa ke biya shi ne ƙaranci, sunan maƙerin jiki, tarihin waɗanda suka mallake ta, da kasancewar inji da shasi su ne na asali masu lambobin da suka dace da rajistar kamfani.

A saman tsani akwai na kafin yaƙi. Bugatti 57SC Atlantic, wadda huɗu kawai aka yi, an ba da rahoton sayar da ɗaya sama da dala miliyan 30 a 2010. Wata Talbot-Lago T150 mai jikin Figoni et Falaschi ta wuce dala miliyan 13 a gwanjo a Amurka a 2022. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne tarin Roger Baillon, motoci kusan 60 da aka tarar sun shekara da shekaru ƙarƙashin rumfunan kwano a yammacin Faransa. Da gidan gwanjo na Artcurial ya sayar da su a baje kolin Rétromobile na Fabrairu 2015, wata Talbot-Lago T26 Grand Sport mai jikin Saoutchik, a ruɓe, a lotse, ta tashi kimanin yuro miliyan 1.7, wato sama da biliyan ɗaya na sefa. Mai sayen ya biya ne don ba a taɓa ta ba.

DS tana ƙasa da haka nesa, saboda an yi ta da yawa. ID ko DS mai sauƙi ita ce ta shiga. DS 21 da DS 23 Pallas masu injekta sun fi tsada, haka ma na shekarun farko da ba su da yawa yanzu. Mai lafiya ƙalau kuɗinta dubban yuro goma-goma ne. Mai buɗaɗɗen sama kuwa, wadda Chapron ya haɗa ma kamfanin guda 1,365 kacal, ta wuce yuro 100,000, fiye da sefa miliyan 65. Wannan tazara ce ta haifi sana'ar yanke rufin DS ta gama-gari a mayar da ita mai buɗaɗɗen sama. Wasu suna faɗin gaskiya su sayar da ita a matsayin kwafi, wasu ba sa faɗi. Ta asali ƙofofinta biyu sun fi na gama-gari tsawo, amma maƙeri mai hannu yana iya kwaikwayon wannan. Lambar shasi da lambar jiki ta Chapron ake kai wa ma'ajiyar tarihin kamfanin a tantance.

Lissafin da masu saye ke yawan kuskurewa shi ne na gyara. Mayar da ruɓaɓɓiyar DS sabuwa, daga ƙwarangwal zuwa fenti, kujeru da bututu, yakan ci fiye da abin da za a sayar da ita bayan an gama. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar ke sayen wadda wani ya riga ya kashe ma kuɗi, su nemi rasitan aikin da hotunan lokacin da aka kwance ta. Kafin a yi ciniki, akan sa a tayar da ita da sanyin safiya a ga tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta miƙe, a kashe inji a ga ko za ta daɗe a tsaye ko za ta zube nan da nan, a leƙa ƙasa a nemi ɗigon kore ko ja, a ɗaga kafet ɗin but a ƙwanƙwasa ƙarfen. Wanda zai kawo ta Nijar kuma sai ya ƙara kuɗin jirgin ruwa, na hanya daga tashar teku, da na duwan, ya kuma sa galan ɗin LHM da ƙwallaye na ajiya a cikin but tun daga can.